Ladan da Balan-balan

A ɗakin jiran likitan huhu na ji wata dattijuwa tana tambayar wani dattijo.

"Malam, balan-balan ɗin aljihunka na jika ne?"

"Nawa ne, Hajiya. Wai in riƙa hurawa huhuna ya buɗe. Ni ladan guda, da furfurata! Iyayenmu da kwanciya suka yi jinya."

"Haka na ce, har matakalar gidana ta gagare ni. Yanzu ina hurawa, ina zaga tsakar gida. Wa ke kiran sallar?"

"Na'ibina. Jiya na gwada, numfashi ya yanke mini a tsakiya."

"To ci gaba da kwanciya, zai gode maka."

Sai ladan ya zaro balan-balan ɗin.

"Hajiya, don Allah kau da kai."