Kwanciyar da Ta Kusa Kai Ni Lahira

'Yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, amma yawancinku da Malama kuka san ni, don na daɗe ina shugabar wata firamare a Tarauni kafin in yi ritaya.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne santsi ya kwashe ni a banɗaki, a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ƙashin ƙuguna ya karye. Aka kai ni asibitin koyarwa, aka cire kan ƙashin aka sa na ƙarfe. Aiki ya yi kyau, kowa na ta godiya.

Ranar sallama likita ya zauna bakin gadona ya ce, "Mama, bayan irin wannan aiki jini kan daskare a jijiyar ƙafa. Ki riƙa tashi kina takawa. Ko kina kwance, ki riƙa motsa ƙafar. Ga safa mai matsewa, ga maganin tsinka jini, kada ki tsallake ko na rana ɗaya."

Na ce to. A raina kuwa na ce, yaron da bai kai ɗan farina ba ne zai koya mini zama? Ni da na saba ba da umarni!

Da muka koma gida na miƙe a gado. Safar nan na tuɓe ta saboda zafi. Maganin kuma na sha kwana uku na ajiye, don wata da ta zo dubiya ta ce yana ƙarar da jinin mutum. In maigidana, Baban Ladi, ya kawo mini ƙarfen dogarawa, sai in ce, "Bar ni, Ubangiji nake jira." Masu dubiya su ce kai, Malama akwai bangaskiya. Ina jin daɗin yabon.

Yau a gabanku zan faɗi gaskiya. Tsoro ne. Duk lokacin da na sa ƙafa a ƙasa, sai in ga kaina ina sake faɗuwa. Girman kai kuma ya hana ni gaya wa kowa.

Wata safiya na tashi dambubun ƙafata ta hagu ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi. Baban Ladi ya ce jijiya ce ta riƙe. Ya ɗauko man zafi, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa zai murza mini. Daidai nan maƙwabciyarmu Hajiya Binta ta yi sallama. Nas ce, ta leƙo gaishe ni ne kafin ta wuce aiki. Tana ganin ƙafar ta yi tsalle ta riƙe hannunsa.

"Baba, kada ka taɓa! Wallahi kada ka murza!"

Ta dube ni. "Mama, ina safarki? Ina magani?"

Na kawar da kai. Ta gane. Ba ta yi mini faɗa ba, ta fita titi da kanta ta tsayar da tasi.

A asibiti aka yi hoton ƙafar, aka ga gudan jini a jijiya. Likitan nan dai ya ce da an murza, gudan zai iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu, wani ma ba ya kaiwa asibiti. Baban Ladi ya zauna yana kallon tafin hannunsa, hawaye na zuba. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin kukansa ba. Ni na jawo masa.

Da la'asar, bayan an yi mini allura, na juya fuskata bango na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Na ce, "Ya Yesu, na yi ƙarya da sunanka. Na ce kai nake jira, alhali ka aiko da taimako na ƙi karɓa. Tsoro nake ji. Ka gafarta mini, ka riƙe ni." Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Amma nauyin da ke ƙirjina ya sauka.

Ranar da likita ya ba da izinin tashi, mai gashin ƙashi ta kawo ƙarfen dogarawa. Na ce mata, "'Yata, ina tsoro." Ta ce, "Na sani, Mama. Ina bayanki." Na taka daga gado zuwa taga, gumi na karyo mini, ina kiran sunan Yesu a kowane taku. Na isa! Haleluya!

Watanni na yi ina shan maganin, ina zuwa gwajin jini, ban ƙara tsallake ko ɗaya ba. Safar ma na sa ta, da zafin da komai. Yau da ƙafata na zo nan.

Na gode wa Allah da ya riƙe hannun mijina ta wurin Hajiya Binta. Ku sa ta cikin addu'a, ita da gidanta. 'Yan'uwa, in an yi wa naku aiki, ku tashe shi ya taka, ku tabbata ya sha maganinsa. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada ku murza, kada ku jira, ku garzaya asibiti. Kuma in tsoro ne ya kwantar da ke, ki faɗa wa Ubangiji yadda yake. Ni na faɗa masa, bai kore ni ba. Ku dogara gare shi. Amin.