Baba Ta Yi Mini Kitso

Shugaban wannan taro, Alhaji Maliki. Uwar taro, Hajiya Ummukulthum. Editanmu Malam Surajo, wanda jan bironsa bai san sani ba bai san sabo ba. 'Yan'uwana marubuta da kuka sha cunkoson hanya daga Kubwa da Dei-Dei har zuwa nan Utako, assalamu alaikum.

Ina gode wa ƙungiya da ta ba ni damar yin sharhi a kan gajerun labaran zumunci da muka tara, kafin a kai su maɗaba'a. Na karanta su duka, wasu sun ba ni dariya, wasu sun hana ni cin abinci. Amma a kan guda ɗaya zan tsaya, domin yau za mu yanke hukuncinsa. Labarin Naomi ne, ɗiyar Kubwa. Malam Surajo ya gyara mata kalma ɗaya, ita kuwa ta ce in an taɓa kalmar nan to a cire labarin baki ɗaya.

Da farko, ga labarin. Yarinya ce mai suna Rita, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, mahaifinta Zacharias ya ƙi ba dangi riƙonta. A nan Naomi ta rubuta: "Baba ta yi mini kitso." Edita ya soke "ta", ya sa "ya". Ban ga laifinsa ba. Mu mazauna Abuja ne, kullum a tasha muna jin "matata ya zo" da "mijina ta tafi", har kunnenmu ya saba yanke hukunci tun mai magana bai rufe baki ba.

Na biyu, mu duba rubutun da kyau. Lokacin da uwa take raye, Baba ya tafi gona, Baba ya dawo, babu kuskure ko ɗaya. Bayan rasuwar ma, Baba ya kai doya kasuwa, Baba ya yi rigima da direban tirela a Dei-Dei. To ina "ta" take fitowa? Baba ta hura wuta. Baba ta goya ni. Baba ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran dawowata daga makaranta. Jama'a, kuskure ba ya zaɓen wurin zama haka. Wanda bai iya Hausa ba, ko'ina yake tuntuɓe, a gona da kasuwa da madafa.

Na uku, na je Kubwa na tambayi Naomi da kaina. Ta dube ni ta ce, "Madam, na san 'ya', na san 'ta', tun primary an koya mini. Amma wanda ya koyi kitso a kaina har hannunsa ya kumbura, me zan kira shi? A kasuwa babana oga ne. A gida ba ni da wani mama." Ashe labarin Rita labarinta ne ita kanta. Kun ji ta ce "wani mama", wannan kam Hausar Abuja ce, kuma da a takarda ta sa shi, da ni zan ara wa Malam Surajo biro.

Saboda haka nake kira gare ku, ba tare da shakka ba. Labarin iyali ba ya buƙatar marubuci ya hau mumbari yana cewa uba ya zama uwa. Naomi ta faɗe shi da harafi biyu. In muka gyara su, nahawu zai miƙe, mu kuma mun sake mayar da Rita marainiya. Idan aka zo ɗaga hannu, a bar mata kalmarta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya raya mana zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Mahaifin Naomi kuwa, Allah ya saka masa da alheri, domin ta yi ƙoƙari.

Na gode.