Ciwon Ƙafa Mai Ƙaura

A kan bencin ƙofar mai tausa, wani dattijo ya matsa kusa da saurayin da ke bayansa a layi.

"Ɗan nan, ka taɓa shiga hannun mutumin nan?"

"Yau ne farko, Baba. Lafiya?"

"To ka buɗe ido. Na zo da ciwo a sharaɓar dama, ya murza, washegari ciwon ya hau cinya. Ya murza cinya, sai ga shi a ƙafar hagu. Ni fa ban yarda da shi ba. Kora ciwon yake kamar akuya, lungu zuwa lungu, don kada in daina zuwa."

"Ikon Allah! Bai ce ka huta ba?"

"Ya ce, kuma ina hutawa."

"Wace sana'a kake yi, Baba?"

"Tela ne ni. Keken ƙafa nake takawa."

"Ka ajiye keken ke nan?"

"In ajiye? Wadda ya murza nake hutarwa, in taka da ɗayar."

"Haba Baba! Ai kai ke kora akuyar. Bar keken kwana biyu ka gani."

"Kwana biyu! Babban ɗana jira yake in rufe shago ya sayar da keken, ya ajiye ni a gida gadin jikoki."

Dattijon ya ƙare wa saurayin kallo.

"Tsaya. Tambayoyin nan naka sun yi yawa. Ɗan nawa ne ya turo ka?"

"Wallahi ban san shi ba."

"To in kun haɗu, rakiya na yo. Ƙafata ƙalau take."