Tsumman da Ke Kan Murfi

A rumfar mai yadi, wani dattijo ya ɗaga farin yadi yana haska shi a rana. Wata mata da ke jiran a yanka mata nata ta kasa yin shiru.

"Baba, riga za a ɗinka da wannan shara-sharan?"

"Wace riga! Mai zan tace, 'yata. Kanumfari da citta na jiƙa a man zaitun, yau ya yi! Ki ga kalarsa, kamar zuma!"

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina! Na ciwon gwiwar matata ne. Da ita ke haɗawa, yanzu hannunta ba ya iya matsa. Ba ta ma sani ba, bayan buhun gawayi na ɓoye kwalbar."

"Sabon yadi sitaci gare shi, Baba, tsohon da ya sha wanki ake nema. Kana dai girgiza kwalbar kullum, kana kai ta rana?"

"Au, ana kaiwa rana? Ni dai nakan tarar da kwalbar a bakin taga. Na ɗauka ni ne na manta ta a can."

Matar ta fashe da dariya. "To yau me ka tarar?"

Ya zaro wani tsohon ƙyalle daga aljihu. "Wannan tsumman, a ninke kan murfin. Na ce zai yi gugar babur."

"Shinshina shi!"

Ya kai hanci, ya zaro ido. "Kanumfari! Matacin matata ne! Ashe tsohuwar nan kallona kawai take yi!"

Ya ajiye yadin, ya ninke tsumman a hankali. "Mai yadi, yi haƙuri, ana jirana a gida!"