In Shiga Takaba Ko In Jira?

Assalamu alaikum, Malam mai shiri, daga Lambara nake gaishe ka.

Sai da aka maido mini rigar maigidana a leda daga inda ake tsare da shi na gane abin ya girma. Jami'an tsaro ne suka kama shi a lambun albasa, wai 'yan bindiga sun sha ruwa a rijiyarsa. Malam, wa ke hana mai bindiga ruwa? Wata bakwai bai ga alƙali ba.

Ranar da 'yan bindigar suka kashe ƙanena, ni da bakina na ce duk wanda aka kama a kashe shi, kada a tsaya shari'a. Yanzu kaina ya ɗaure.

Mai kawo rigar, "Yi haƙuri" kawai ya ce mini. Malamai, in shiga takaba ko in jira? Ba gawa, har yau ba a yi masa sallah ba.