Sun Sa Wa Kabarin Babana Katanga

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Umaru direban motar albasa, daga Bagudo.

Babana soja ne, ya rasu a yaƙin basasa ina goye. Abokinsa ya ce gindin wani rimi suka rufe shi, kusa da ramin da suka fake, a wani garin Kudu. Bana na kai kaya can, na nemi wurin. An zagaye rimin da katanga, an gina gidaje masu tsada. A allon tallarsu har da hoton ramin, wai unguwa mai tarihi!

Na roƙi mai gadi in shiga in yi addu'a. Ya ce, "Sai masu saye."

A bakin titi na tsuguna na yi wa babana Fatiha. Jama'a, wa zan kai wa kuka? Rami ya zama tarihi, mutumin da ke kwance gefensa fa?