Kujerar Da Ta Daina Jin Nauyi

A tashar Ikara, muna jiran motar Zariya ta cika, wani dattijo ya dubi mutumin da ke gefensa rungume da ƙarfe a buhu.

"Malam, famfon mene ne wannan?"

"Na injin ɗaga kaya ne, Baba. Ni ke tuƙa shi a siton masara. Yana tashi lafiya lau, amma ya ƙi ɗaga ko buhu ɗaya. Mun duba mai, mun duba wayoyi, saura famfon nan da zan kai Zariya a duba. Abin haushin, in makanike ya hau sai ya ɗaga, ni ina hawa ya ƙi. Har ana cewa hannu aka sa mini."

"Makaniken mai jiki ne?"

"Ƙato ne."

"To, matsalar ba ta famfo ba ce. Na yi gyaran irinsa a Kaduna. Akwai ɗan makunni ƙarƙashin kujera. In bai ji nauyin mutum ba, ba ya bari a ɗaga komai."

"Haba Baba! Shekara da shekaru ina kan kujerar nan."

"Ƙila makunnin ne ya tsufa." Dattijon ya tsaya yana kallon wuyan mutumin.

Mutumin ya gyara rigarsa. "Matata Adama ma ta ce na rame. Tun damina nake wannan tarin."

"Ka je asibiti?"

"In na kwanta, wa zai hau injin?"

"Yanzu ma ai bai san kana kai ba. Bar ƙarfen nan wajen mai shayi, ɗana. Kai za a duba a Zariya."